Na Ɗora Wa 'Yata Ciwon Da Ba Ta Da Shi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida mai kula da wannan shafi da duk masu karanta shi, na gida da na waje. Don Allah a ɓoye sunana da lambata, unguwarmu kowa ya san kowa, sunayen da za ku gani a nan ma duk na canza su. Ba lallashi na zo nema ba, amma ina roƙonku da girman Allah kada wanda ya yanke min hukunci sai ya kai ƙarshe. In ya kai, to ya faɗi abin da ya ga dama.

Wasu 'yan mata sun taso daga Najeriya sun shigo ɗakina sun nemi su tafi min da 'yar da ta rage min, kuma har yau haushinsu nake ji. Ba su zage ni ba, ba su cuce ni ba, alheri ne ya kawo su. Amma haushin yana nan daram, ba zan yi muku ƙarya ba, don ƙaryar da na riga na yi ta ishe ni.

Ni mazauniyar Makka ce, a Nakkasa nake, can saman dutse. Ina cikin waɗanda kuke kira takari. Aikin hajji ya kawo mu ni da maigidana tun ina da ƙuruciyata, muka zauna, ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba komai. Shi yana aikin gini, ni ina wanki da girki a gidajen mutane. A nan na haifi 'ya'yana biyu, a nan Allah Ya karɓi ransa, a nan aka binne shi. Ban taɓa komawa gida ba, kuma in na koma ban san ƙofar da zan ƙwanƙwasa ba, iyayena sun rasu, gidanmu na ƙauye an raba an sayar. Ban yi makaranta ina yarinya ba. Ƙannena maza aka kai, ni aka ɗora min faranti. Sai bayan rasuwar maigidana, ranar da na tsaya a bakin titi da takardar magani ina roƙon wani yaro ya karanta min yana yi min dariya, na ce wallahi an gama. Na haura arba'in na je na durƙusa gaban wata malama 'yar Damagaram a unguwar Jarwal, cikin yara masu majina, suna kirana Kaka 'yar aji ɗaya. Na haɗiye. Na koyi boko, na koyi Larabcin karatu, na koyi lissafi, ga shi yau da yatsana nake rubuto muku wannan.

Da na iya, sai na buɗe ɗakina. Yaranmu marasa takarda ba makarantar da za ta karɓe su, sai su taru wurina da hantsi, mu ja labule, mu yi ƙasa da murya. Ku tambayi kowa a layinmu, ba a son bakina. Duk matar da ta hana 'yarta zuwa karatu don talla, har ɗakinta nake bin ta, na tsaya a ƙofa na faɗa mata abin da ba ta so. Na taɓa gaya wa wata a gaban mijinta cewa uwar da ta toshe wa 'yarta ilimi ba uwa ba ce, mai gadi ce. Ni na faɗa, da bakin nan nawa. To ku saurari abin da mai wannan baki ta aikata.

'Yata Hanan budurwa ce, ba ta daɗe da wuce sha biyar ba. Larabci ya fi zama a bakinta, in ta yi Hausa sai ta cusa masa ya'ani da halas har ka rasa gane kansa. Bayan karatun hantsi takan sauka Misfala, unguwar da ke kusa da Harami, ta sayar da hatsin tattabara, wanda alhazai ke saya su watsa wa tsuntsayen Harami. Ga yadda sana'ar take: ki shimfiɗa zani a ƙasa, ki jera ƙullin hatsi a kai, idonki ɗaya a kan mai saye, ɗaya a kan titi. Da an yi ihun "Baladiyya!", wato ma'aikatan da ke korar masu talla sun iso, sai ki haɗa bakin zanin nan huɗu ki saɓa a kafaɗa ki ba ƙafa iska. Wadda aka kama da kaya kawai, kayan za su tafi. Wadda aka kama ba iƙama, sai gidan tarhil, inda ake tara mutane a ɗauki hoton yatsunsu a sa su a jirgi, kuma ƙofar dawowa ta rufe. A wannan makaranta Hanan ta koyi gudu. Tun tana ƙarama ba a taɓa taɓa ko gefen abayarta ba. Mata sukan ce min, "Malama, 'yarki aljana ce?" Ina jin daɗi, ban taɓa kawo wa raina cewa gudun nan wani abu ne da ake nema a duniya ba.

Sai ga waɗannan baƙi. Ɗalibai ne na wata jami'a a Arewa, 'yan wasan tsere da tsalle, da malamarsu mai horar da su, zan kira ta Malama Bilki. Ashe suna da wata ƙungiya, duk hutu sai su zaɓi wani wuri na talakawa su je su koyar da yara kyauta, sun je Nijar, sun je zango a Gana. Wannan karon wata baiwar Allah ta biya musu umara, suka ce ba za su ƙare kwanakinsu a kasuwa ba. Mai yi musu girki a masaukinsu ƙawata ce, ita ta hau da su dutse har ƙofata. Ranar farko na tare su a bakin ƙofa. Na ce, "Duk mai waya ta sa ta a jaka. Nan ba a ɗaukar hoto. Hoton da za ki sa a nuna ki kina taimako, shi zai kawo mana motar 'yan sanda gobe." Wata doguwa a cikinsu, Fati, ta ce, "Kai, Mama, ko gaisawa ba mu yi ba." Na ce, "Mu gaisa bayan kin rufe jakar." Suka yi dariya, suka bi. Gaskiya yaran kirki ne. Sun zauna a tabarmata, sun sha shayina, zafin Nakkasa ya dafa su ba su yi ƙorafi ba. Sun koya wa yara lissafin da ni kaina nake tuntuɓe a kansa, sun koya musu Turanci da waƙa. Ni ma nakan raɓe a gefe kamar ina gyara labule, alhali kunnena na wurin. Da la'asar su hau da 'yan mata rufin gida, mu kewaye da zannuwa saboda idon maza, su yi ta motsa jiki, yara na ta kyalkyala dariya. Ban taɓa jin gidan nan ya yi irin wannan daɗin ba.

Hanan ta manne musu. Ta bi su ɗawafi, ta bi su Safa da Marwa, ta dawo tana ce min, "Umma, ni fa ban gane ba. Mace ce ta yi gudun nan tana neman ruwa, amma yanzu maza ke sassarfa mu muna tafiya kamar masu ciwon ƙafa." Na ce ta rufe min baki kafin ta jawo mana magana. Ana nan wata rana Malama Bilki tana Misfala aka yi ihun baladiyya, ta ga wata yarinya da ƙunshi a kafaɗa ta ratsa tsakanin motoci ta ɓace a lungu kafin ta ƙifta ido. Da ta hau wurinmu tana ba da labari, yara suka fashe da dariya suka nuna Hanan. Washegari bayan asuba, kafin maza su fito, Malama Bilki ta jera Hanan da Fati a gindin matakalar da ke hawa unguwarmu. Fatin nan ita ce gwanarsu, an ce ta ciwo lambobi. Tana sanye da takalmin gudu, tawa kuwa silifa da abaya. Fati ta ce, "Ƙanwata, in kin gaji ki zauna, zan dawo in goya ki." Hanan ta ce, "Yalla, Anti, ki dai kula da kwata a kwana ta biyu." Aka tafa musu. Wallahi kafin Fati ta kai rabin dutsen, Hanan na sama a zaune ta cire silifa tana yi mata fifita daga nesa. Fati ta iso tana haki ta zube ta ce, "Malama, wannan ba mutum ba ce." Kowa na dariya. Ni kaɗai na kalli fuskar Malama Bilki, na ga ba dariya take ba, kallon 'yata take kamar wadda ta tsinci zinariya a bola.

Ba a jima ba ta same ni ni kaɗai a rufin gida ina shanya. Ta ce, "Hajiya, magana na zo da ita, ki saurare ni har ƙarshe." Ta ce akwai makarantar kwana ta 'yan mata da ke ɗaukar yara masu irin wannan baiwa, ƙungiyarsu za ta tsaya mata, in an yi hutu a gidanta za ta zauna tare da 'ya'yanta. Ta ce ba gudun ne ma ya fi damunta ba, kan yarinyar ne, abin da ake koya wa wasu a wata ita a kwana take ɗauka. Ta ce ga shi an yi afuwa, duk marar takarda da ya fita da kansa a wannan tsakani ba za a hukunta shi ba, ofishin jakadancinmu zai ba shi takardar tafiya. Ta ce, "Hajiya, ke kin san abin da rashin makaranta yake yi wa mace, ba sai na gaya miki ba. Ban yi mata maganar ba tukuna, sai da izininki."

Ku da kuke gida, kun san abin da take nema a wurina? Ɗana na fari, Yasir, an kama shi a wurin aiki shekarun baya, aka sa shi a jirgi zuwa Kano, garin da bai taɓa gani ba, Hausarsa ma dariya ake yi mata. Da farko yana kira, yana kuka, yana cewa a tasha yake kwana. Daga baya kiran ya ja baya, daga baya lambar ta daina shiga. Har yau ban sani ba, ɗana yana raye ko ya mutu? Duk alhajin Kano da na gani sai na kwatanta masa kamanninsa. Jirgin nan ya ci min ɗa ɗaya, yanzu a ce in ɗauki ɗayar da hannuna in kai masa? In ta tafi yaushe zan sake ganinta? Wa zai biya mata kuɗin dawowa, kuma da wace takarda ni zan je in dawo? In bi ta mu tafi tare, in bar kabarin mijina, in bar yaran da ke zuwa ɗakina, in je in zama tsohuwar da ake ciyarwa a gidan wata? In ciwo ya kama ni a saman dutsen nan, wa zai miƙo min ruwa?

Da na ce mata a'a kawai, da ya fi min. Amma na san kaina, na san sunan da na yi. Ni mai bin mata ɗaki ina zaginsu, in ce na hana tawa? Kafin magariba labari ya gama Nakkasa. Kuma na san Hanan, in ta ji an nema na ƙi, ba za ta sake kallona da idon da take kallona ba. Sai na tuna ɗan wata maƙwabciyarmu da aka haifa da huda a zuciya, na san duk yadda ake kwatanta ciwon. Na buɗe baki na ce, "Malama, abin da ban taɓa gaya wa kowa ba zan gaya miki. Yarinyar nan da huda a zuciyarta aka haife ta. Likita ya ce ko yaushe tana iya faɗuwa. Ita kanta ba ta sani ba, kuma ban yarda ki gaya mata ba." Ta dafe ƙirji ta ce, "Inna lillahi! Hajiya, da gaske?" Daga rufinmu ana hango hasumiyar agogon Harami. Na miƙa hannu wajen na ce, "Na rantse da Ubangijin ɗakin can." A Makka fa. Mutane na sayar da gona su zo nan a yafe musu zunubi, ni ina tsaye a cikinta na ɗauki wannan na aza wa kaina. Matar nan ta zauna a kan bokitin wanki ta yi ta kuka, tana cewa, "Na sa ta hawa dutse da gudu, da ta mutu a hannuna fa? Ki yafe min, Hajiya." Ni ce har da dafa kafaɗarta ina ce mata ba komai, ai ba ta sani ba.

Ranar da baƙin nan za su yi sallama suka shirya wa yara ɗan tsere a lungunmu. Hanan ta ɗaure ɗankwali ta shiga layi, Malama Bilki ta riƙo hannunta ta fito da ita ta ce, "Hanan, ke zauna ki riƙe mana ruwa. Gudu ba naki ba ne, ki bar shi, kin ji? Ki riƙa hutawa." Fati da ke tsokanarta kullum ta kasa haɗa ido da ita, sai rungume ta take tana share hawaye. Yarinyata ta tsaya da gorar ruwa a hannu tana kallon yaran da ko rabinta ba su kai ba ana tafa musu. Bayan sun tafi ta same ni a madafa ta ce, "Umma, esh sawwet? Me na yi musu? Ba ni na wuce Anti Fati ba?" Ga dama ta biyu Allah Ya ba ni in faɗi gaskiya. Ina juya miya ban ko ɗago ba na ce, "Wataƙila sun ga ba ki kai ba. Can irinki da yawa, gudun tsoro daban, gudun gasa daban." Ta ce, "Tayyib, na ji." Ta fita.

Na ɗauka shi ke nan, za ta yi fushi ta manta. Ashe ban san 'yar da na haifa ba. Tun daga ranar, kafin gari ya waye ta sauka gindin dutse ta hau da jarkar ruwa, ta sauka ta sake hawa, har ruwan ya fi ƙarfin randunanmu ta riƙa raba wa maƙwabta. Duk motsa jikin da suka koya musu tana yi a rufi ita kaɗai. Littafin Turancin da suka bari ta haddace shi har bangonsa. Takan ce min, "Umma, sun ce za su dawo wata shekara. In suka dawo ba za su ba ni gora ba." Ni kuma in ce Allah Ya sa. A ɗaya gefen Malama Bilki na turo min saƙon murya, don waya ɗaya ce a gidan kuma a hannuna take. "Hajiya, ya jikin 'yata? Mun sa ta a addu'a, ɗalibai sun yi mata saukar Alƙur'ani." An yi wa lafiyayyar yarinya sauka saboda ƙaryata. In shiga banɗaki in saurara, in amsa da "Da sauƙi, mun gode", in goge.

Sai wata da suke talla tare ta hau har ɗakina ta ce, "Malama, ki ja wa 'yarki kunne. In an yi ihun baladiyya kowa na tashi, ita sai ta zauna tana gyara ƙulli kamar ba ta ji ba. Sai sun sauko daga mota sun kusa taɓa ta take zabura. Jiya har juyowa ta yi tana kallon na bayanta." Da Hanan ta dawo na rufe ƙofa na ɗauko muciya, na ce, "Ke mahaukaciya ce? So kike ki bi Yasir?" Ko gezau ba ta yi ba. Ta ce, "Umma, ba ni da fili, ba ni da agogo, ba ni da wadda za mu yi tsere. Duk Makka su kaɗai ne ke bina da gaske. In ban gwada da su ba, ta yaya zan san na ƙaru?" Muciyar ta faɗi daga hannuna. Me zan ce mata? In ce ki daina, kin riga kin kai, tun ranar farko kin kai, uwarki ce ta tare hanya? Na yi mata ihu, na yi rantsuwa, na hana ta sauka. Ta kwana biyu a gida, hatsi ya ƙare a tukunya, na bar ta ta koma da alkawarin za ta daina. Na san ba za ta daina ba. Jinina ce.

Jiya da azahar ta shigo min ba abaya, ba ɗankwali, ƙafa na zubar da jini. Ɗaya daga cikin 'yan baladiyya ya damƙi abayar ta baya, ta zame ta bar masa ita a hannu, ta ratsa Misfala kai a buɗe, ta taka fasasshiyar kwalba ba ta tsaya ba har saman dutse. Tana shigowa dariya take, tana haki tana cewa, "Umma, saurayi ne fa, dogo, wallahi bai kamo ni ba!" Na zaunar da ita ina wanke ciwon da ruwan gishiri, sai dariyar ta juye kuka. Ta kifa kai a cinyata ta ce, "Na ji hannunsa a wuyana, Umma. Na ce shi ke nan, ba zan sake ganinki ba." Can kuma ta ɗago ta ce, "Amma ya taɓa ni. Da can ba a taɓa ni. Ashe gaskiyarsu ne, ban kai ba." Ina riƙe da ƙafarta, jininta a hannuna, na ci gaba da naɗe ciwon da tsumma.

Ku duba inda na kai mu. Na yi ƙarya don kada jirgi ya ɗauke ta, ga shi ƙaryar na tura ta bakin jirgin da ya fi muni. In ta fita yanzu cikin afuwa, makaranta na jiranta, gida na jiranta, akwai wadda za ta tare ta a filin jirgi. In aka kama ta a titi, za a sauke ta a Kano kamar yadda aka sauke yayanta, ba kowa, kuma budurwa. Afuwar ma an ce ta kusa rufewa, mutanen layinmu da yawa sun riga sun tafi. Na san wannan lissafin, ba jahila ba ce ni yanzu. Amma duk sanda na kwatanta ɗakin nan babu ita, sai lissafin ya rushe.

Yau da safe, tana barci saboda ƙafar, na hau rufi na kira Malama Bilki. Ban bari ta gama gaisuwa ba na ce, "Malama, Hanan lafiyarta ƙalau. Ba huda, ba likita, ƙarya na yi miki, rantsuwar ma ta ƙarya ce. Tsoro nake kada ki raba ni da ita." Na gaya mata maganar baladiyya, na gaya mata ta jiya. Da ta yi magana muryarta ta canza. Ta ce, "Hajiya, kin sa na kalli yarinyar nan na ce mata gudu ba nata ba ne." Na ce na sani. Ta ce, "Tsakaninki da rantsuwarki, wannan ke da Allah. Gurbinta yana nan, ban ba kowa ba, amma lokaci ya ƙure. Tana kusa? Ki ba ta wayar." Na sauko har bakin ƙofar ɗaki, na ɗaga labule, na gan ta kwance da ƙafa a naɗe da tsumma, bakinta a ɗan buɗe kamar tana jaririya. Malama na ta cewa, "Hajiya? Hajiya, kina ji na?" Na kashe wayar.

Tun ɗazu Malama Bilki take kira, na rufe ƙarar, ina kallon sunanta yana haske yana ɗaukewa a saman wannan rubutu da nake muku. Hanan ta farka, ina jin ta tana ɗingishi tana neman silifarta, ta ce in ƙafar ta yi sauƙi jibi za ta sauka Misfala. In na ba ta wayar, ta tafi, kuma za ta tafi ne tana sane da abin da uwarta ta yi mata. In ban ba ta ba, jibi tana titi. Iyaye mata da ke wannan shafi, malamai, da duk wanda ya taɓa sa ɗansa a jirgi bai san ranar dawowarsa ba, ku zage ni in kun so, na cancanta, amma ku haɗa da amsa. Da wane baki zan fara gaya mata? In sake ta ita kaɗai, ko in rufe ɗakin nan in bi ta? Don girman Allah, me zan yi?